Babi na Bakwai: Ƙuraje a Fata, Wanne Za a Bari, Wanne Za a Kai Asibiti

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa saukar ruwan farko, da wuya ka shiga gida mai ƙananan yara a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ba ka tarar da wanda ƙurajen zafi suka feso masa a wuya da goshi da gadon baya ba. Ƙanana ne, birjik, wasu da ɗan ruwa a kai, ga ƙaiƙayi ga tsikari, musamman da rana tsaka. Gumi yana fitowa ne ta wasu siraran hanyoyi da ke cikin fata. Idan aka yi ta zufa ba iska, sai hanyoyin su toshe, gumin ya taru a ƙarƙashi ya turo fata sama. Jarirai sun fi kowa shan wahalarsu, domin hanyoyin guminsu ba su gama ƙwari ba, ga shi kuma mu mutane ne masu son naɗe jariri: hula, safa, rigar sanyi, tawul, a ɗaki mai rufin kwano, a watan Afrilu. Sannan a laɓta masa mai mai kauri wanda ke ƙara liƙe ƙofofin. Abin da ake bukata shi ne a rage masa kaya, a sa masa rigar auduga marar nauyi, a yi masa wanka da ruwan da ba zafi, a kwantar da shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Cikin 'yan kwanaki za su baje da kansu.

Yawancin ƙurajen da ke fito wa mutum irin waɗannan ne, su zo su wuce ba tare da an ga likita ba. Sai dai watannin nan na zafi su ne kuma lokacin ƙyanda da sanƙarau, kuma dukkansu biyu sukan nuna kansu a fata. Uwar da ta saba ganin ƙurajen zafi duk shekara tana iya ɗaukar na bana ma su ne, alhali wani abu ne daban. Saboda haka abin da na fi so mai karatu ya riƙe daga wannan babi shi ne a dubi mai ƙurajen kafin a dubi ƙurajen. Yaron yana wasa? Yana cin abinci, yana kama nono? Jikinsa da zafi? Idonsa a tsaye yake ko ya yi laushi? Yaro mai ƙuraje cike da baya amma yana guje-guje a tsakar gida zai iya jira. Wanda ke da 'yan ɗige-ɗige kaɗan amma ya kwanta yana numfashi sama-sama, ba a jira da shi.

Ƙurajen da ke zuwa da zazzaɓi

Ƙyanda, wadda ake kira baƙon dauro, ba ta fara da fata. Zazzaɓi ne mai zafi da tari da majina da jan ido na kwana 3 zuwa 4, sannan ƙurajen su ɓullo daga bayan kunne da goshi, su gangaro wuya da ƙirji har ƙafa. A baƙar fata ba lallai a ga jan da littattafan likitanci ke nunawa ba. Tafin hannu ya fi ido gane su, idan aka shafa sai a ji gurza-gurza. Har yau akwai gidajen da ake cewa baƙon dauro ba ya son allura, sai a kulle yaro a ɗaki a hana kai shi asibiti, wasu har su ɗiga masa abubuwa a ido. Wannan al'ada ta ci yara da yawa. Ƙurajen ba sa kisa. Abin da ke biyo bayansu ne ke yi, wato ciwon huhu da gudawa da rama, wani lokaci da makanta. A asibiti ana ba yaron bitamin A wanda ke kare idonsa, a kuma sa ido a kan numfashinsa. Allurar riga-kafinta kyauta ce a Nijeriya, ana yi yana wata 9, a maimaita yana wata 15.

Sanƙarau ya fi gaggawa. A 1996 annobarsa ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, yawancinsu a Arewa. An fi saninsa da ciwon kai da sandarewar wuya, amma idan ƙwayar cutar ta shiga jini sai wasu ɗige-ɗige masu duhu su fito, waɗanda ba su da tudu, domin jini ne ya tsiyaya a ƙarƙashin fata. Akwai gwajin da kowa zai iya yi. A samu kofin gilashi marar launi, a danna gefensa a kan wurin, a duba ta cikinsa. Ƙurajen yau da kullum sukan dushe idan aka danne su. Waɗannan kuwa suna nan daram. A jikin baƙin mutum a nemi inda fata ta fi haske: tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido idan aka ja ta ƙasa, da cikin baki. Idan aka ga haka tare da zazzaɓi, ko da ƙarfe biyun dare ne a nemi abin hawa, domin cutar tana iya kisa cikin yini guda. Kada kuma a ce sai ɗige-ɗigen sun fito. Sau da yawa ba sa fitowa ko kaɗan.

Ƙarambau, da wasu ke cewa farankama, ya fi sauƙi ga yara. Ƙuraje ne masu ruwa da ƙaiƙayi da ke fitowa kashi-kashi, har ka ga sabo da mai ruwa da busasshe a wuri guda. A yanke wa yaro farce, a ba shi farasitamol idan jiki ya yi zafi, amma ban da asfirin, domin ga yaro mai ƙarambau yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Mai juna biyu da sabon jariri da babban mutum su ne waɗanda za a kai wa likita. Ƙwayar cutar kuma ba ta barin jiki. Tana kwanciya a jijiya shekara da shekaru, wata rana ta farka ta fito da ƙuraje masu ruwa a jere, a ɓangare guda na ƙirji ko baya ko fuska, da raɗaɗi mai tsanani wanda kan riga ƙurajen zuwa. Maganin wannan ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 3, kuma idan ya kusanci ido ba a kwana da shi.

Dattawan da ke da lamba a damtse sun san agana, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da kawar da ita daga doron ƙasa a 1980. 'Yar'uwarta, ƙyandar biri, tana nan. Ta sake ɓulla a Nijeriya a watan Satumbar 2017 a jihar Bayelsa bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta ba. Ƙurajenta sun fi na ƙarambau tauri da zurfi da ciwo, sukan fito a fuska da tafin hannu da al'aura, kuma kaluluwa kan kumbura a wuya ko hammata ko matsematsi. Wanda ya ga haka ya keɓe kansa da shimfiɗarsa, ya je asibiti ko ya kira lambar kyauta ta hukumar NCDC, 6232.

Akwai kuma ƙurajen da magani ke jawowa, kuma mutane ba su cika kawo wannan a ransu ba. Duk wanda ya fara shan sabon magani cikin makonni 8 da suka wuce, musamman irin su Septrin da Fansidar da magungunan farfaɗiya, sai ga zazzaɓi da ƙuraje, leɓe ya fashe, baki ya yi gyambo, ido ya yi ja, fata na ciwo ko saɓulewa, to wannan na kwanciya asibiti ne a ranar, kuma ya tafi da kwalin maganin a hannu. Borin jini shi ma yakan biyo bayan magani ko abinci ko harbin ƙwaro, ko da yake sau da yawa ba a gano dalilinsa. Fata ta yi tudu-tudu da ƙaiƙayi, nan ya baje can ya taso, kowane tudu ba ya wuce yini. Shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Amma da zarar leɓe ko harshe ya kumbura, ko murya ta shaƙe, ko numfashi ya fara sarƙewa, mintoci ake ƙirgawa.

Susar dare

Idan ba zazzaɓi, tambaya ta gaba ita ce ƙaiƙayi, da kuma wa da wa ke susa a gidan. Cizon sauro yana tsayawa a inda tufa ba ta rufe ba. Kuɗin cizo yakan bar cizo uku ko huɗu a layi. Idan ƙurajen sun bi sawun wani abu, to abin ne: ƙarƙashin sarƙa, ramin ɗan kunne, inda kan bel ke taɓa ciki. Amare da 'yan mata su lura da baƙin dayis da ake zane da shi, domin akwai sinadarin rinin gashi a cikinsa wanda jikin wasu ba ya ɗauka, bayan 'yan kwanaki sai fata ta kumbura ta yi ruwa daidai da zanen furen da aka yi. Wadda ya taɓa yi wa haka ta haƙura da shi har abada, ta tsaya ga jan lalle.

Amma idan mutum biyu ko uku a ɗaki guda suna susa, kuma susar ta fi tsanani da dare bayan an kwanta, a fara zargin ƙazuwa. Zan ɗan daɗe a kanta, domin tana da yawa a cikinmu kuma ana yi mata magani ba daidai ba. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, wanda bai kai rabin milimita ba. Macen tana haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai biyu ko uku kullum. Jiki kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya fara ƙaiƙayi a kamuwar farko, kuma a duk tsawon wannan lokaci mutum yana yaɗa ta bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci akwai aƙalla mutum miliyan 200 da ke ɗauke da ita, kuma a 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

A kama hannun yaro a fito da shi haske, a buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. A tsakaninsu ake fara gani: ƙananan ƙuraje, wasu an sosa sun yi ɓawo, wani lokaci da ɗan siririn layi a karkace wanda shi ne ramin ƙwaron. Sai a duba wuyan hannu ta ciki, da hammata, da kewayen cibiya, da inda tazuge ke ɗaurewa, da ɗuwawu, da al'aura. Jarirai kuma har tafin hannu da tafin ƙafa da kai. Ba ƙazanta ce ke kawo ta ba, cunkoso ne da haɗa shimfiɗa. Shi ya sa take yawa a tsangayu da makarantun kwana da sansanonin 'yan gudun hijira da gidajen yari. Yaron da ke wanka sau uku a rana zai kamu idan ya kwana tabarma ɗaya da mai ita.

Maganinta yana nan kuma ba tsada: man fametirin, ko ruwan benzil benzowet, ko man farar wuta ga jarirai, ko ƙwayar ibamektin wadda ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Inda ake kuskure shi ne a shafa a kan ƙurajen kaɗai, kuma a yi wa mai susar kaɗai. Dole a shafe jiki duka daga wuya har tsakanin yatsun ƙafa, dole kuma kowa a gidan ya shafa a dare guda, har wanda bai fara susa ba, sannan a maimaita bayan mako ɗaya. Tufafi da zannuwan gado a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda na mako guda, domin ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 idan ba ya jikin mutum. Ƙaiƙayin na iya ci gaba har mako 4 bayan ƙwaron ya mutu, wannan ba ya nufin maganin bai yi ba. Malamin tsangaya da ya tara almajiransa ya yi musu gaba ɗaya ya fi wanda ke aika su kemis ɗaya-ɗaya, nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa ba na raina ƙazuwa shi ne abin da susa ke buɗe wa ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Farce ya yaga fata, ƙwayoyin bakteriya su shiga, wurin ya yi mugunya da ɓawo mai ruwan zuma. Wani nau'in waɗannan ƙwayoyi yakan sa ƙoda ta kumbura bayan 'yan makonni. Duk yaron da ya yi fama da ƙuraje masu mugunya, sannan aka wayi gari fuskarsa ta kumbura, fitsarinsa ya ragu ko ya yi duhu, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita labarin ƙurajen ko da sun warke.

Man da ke ɓoye cuta

Tsaya ɗan lokaci a kemis da yamma, za ka ji wannan zance.

"Malam, a ba ni maganin ƙuraje."

"Na yaro ko na babba?"

"Na yarinya ce, ta hana mu barci da susa."

Sai ya miƙa hannu ya ɗauko man nan mai haɗi uku. "Ga wannan, Hajiya, safe da yamma. Ba abin da ba ya yi."

Yarinyar tana gida, ba wanda ya ga fatarta. A cikin man akwai maganin naman gwari, da maganin bakteriya, da na ukunsu mai ƙarfin, wato sitiroyid irin su kolobetasol ko betametason. Aikin sitiroyid shi ne ya kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, kuma yana yin haka cikin kwana biyu, sai uwa ta ce an dace. Amma bai kashe ƙwaron ƙazuwa ba, ya dai rage wa fatar ƙarfin kare kanta. Makero da aka shafa wa shi yakan daina ƙaiƙayi, ya rasa zagayen nan da ake gane shi da shi, ya yi ta faɗi a hankali. Da an daina shafawa sai abin ya dawo fiye da da, sai a sake saye. Ranar da aka je wa likita bayan wata uku, kamannin cutar sun sauya, shi ma sai ya yi da gaske kafin ya gane abin da ke gabansa.

Idan aka daɗe ana shafawa, fata takan yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsage cinya da hammata, fuska ta cika da wasu ƙuraje masu kama da juna waɗanda man ne da kansa ya haifar. Jariri ya fi shiga haɗari, domin fatarsa tana tsotse maganin ya shiga jini, balle a ƙarƙashin kunzugu. Irin wannan sinadari ne kuma ke cikin da yawa daga mayukan bilicin, har ta kai a 2023 hukumar NAFDAC ta ce yawaitar bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne iyayen da ke matsa shi a cikin man shafawar jarirai don yaro ya yi haske. Don Allah a bari.

Ba na ɗora wa mai kemis laifin duka. A ƙauyuka da yawa shi ne kaɗai mai magani da ke kusa, asibiti da nisa, ga layi ga kuɗin kati. Sitiroyid ɗin ma magani ne na gaske idan likita ya rubuta shi don kirci, ya faɗi ƙarfinsa da yawan kwanakin. Abin da nake roƙo kaɗan ne: kada a shafa abin da ba a san me ke cikinsa ba a kan abin da ba a san mene ne ba, balle a fuska ko a jikin jariri.

Waɗanda za a ƙyale

Fararen ɗige-ɗigen da ke hancin sabon jariri suna tafiya cikin makonni, kada a matsa. Kaushin da ke fitowa a bayan damtse da cinya, wanda ke ƙaruwa da hunturu, gado ne, man kaɗanya ya ishe shi. Baƙaƙen ƙananan tsiro da ke yawaita a kumatu da gefen ido yayin da shekaru ke ja suna da yawa a baƙar fata kuma ba sa zama komai. 'Yan tsokar da ke reto a wuya da hammata su ma haka, sai dai idan sun yi yawa kuma wuyan ya yi baƙi ya yi kauri, yana da kyau a auna suga. Yara kan yi wasu ƙuraje masu sheƙi da ɗan rami a tsakiya, ba ciwo, waɗanda kan ɗauki wata 6 zuwa 18 kafin su tafi da kansu.

Ƙurajen fuska na samari da 'yan mata ba daga dattin jini suke ba, ba kuma alamar an matsu da aure ba ce. Da balaga fata takan ƙara fitar da maiƙo, ramukan gashi su toshe. Dirzar fuska da soso yana ƙara su, man gashi mai nauyi yana jera su a goshi, matsawa kuma ita ke barin baƙin tabon da kan yi watanni. Magungunan da ke aiki, irin su benzoyil feroksayid, sai an ba su mako 6 zuwa 8. A ga likita idan sun zama manya masu zurfi da ciwo, ko suna barin rami, ko kuma mace ce da al'adarta ta rikice gashi kuma yana fito mata a haɓa.

Maza kuma ga ƙurajen aski. Gashinmu murɗaɗɗe ne, idan reza ta yanke shi ƙasa-ƙasa sai ya lanƙwasa ya soki fata yayin da yake tsirowa. A bar gemun ya huta kamar wata guda, daga nan a riƙa ragewa da kilifa ba tare da an kankare ba. Na ƙeya sun fi naci. Sukan fara ƙanana masu tauri, su haɗe su zama tabo mai tudu wanda gashi ba ya sake fitowa a kai. Masu zuba musu ruwan batir ko baƙin mai ƙona wurin kawai suke yi, tabon ya ƙaru. Da wuri ake kai su, tun suna ƙanana. Haka duk mai jikin da tabo ke yi wa tudu bayan hujin kunne ko tsaga, kada ya bari wanzami ya yanke, zai dawo fiye da girmansa na farko.

Maruru guda ɗaya, a riƙa gasa shi da tsumma mai ɗumi har ya fashe da kansa. Wanda ke kan hanci ko leɓen sama ba a matsa shi, domin jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Wanda ke warkewa wani na fitowa, a auna suga. Mahauta da majema da makiyaya su kula da ƙurjin da ba ya ciwo, ya yi ruwa, sannan tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin gefe ya kumbura, domin haka cutar antaraks ke kama fata, kuma an tabbatar da ɓullarta a wata gonar dabbobi kusa da Suleja a watan Yulin 2023.

Masu zuwa a hankali

Saura rukunin da ya fi yaudara, waɗanda galibi ba zazzaɓi, ba ƙaiƙayi, ba ciwo, don haka ba wanda ke gaggawa. Wani fili a fata da ya fi sauran jiki haske, ko ƙululai a fatar kunne da fuska. A sa mutum ya rufe ido, a taɓa wurin da silin auduga, a ce ya nuna inda aka taɓa. Idan bai ji ba, a je a duba kuturta. Tana warkewa sarai da magani na wata 6 ko 12, wanda ake bayarwa kyauta a duniya tun 1995, kuma da an fara sha mutum ya daina yaɗa ta. Yatsun da ake gani sun gutsure sakamakon jinkiri ne na shekaru. A Saye da ke Zariya akwai cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikata kan wannan cuta da tarin fuka.

Tunjere kan fara da gyambo guda marar ciwo a al'aura wanda ke warkewa da kansa, bayan makonni sai ƙuraje marasa ƙaiƙayi su fito har tafin hannu da tafin ƙafa. Allurar fenisilin tana kashe shi, amma idan aka bar shi yana kama ɗan da ke ciki. Ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka ƙi jin magani wata da watanni a hannu da ƙafa, ko tabo masu duhu da tudu a ƙafa ko cikin baki, dalili ne na yin gwajin ƙanjamau, kuma gara a sani da wuri tunda maganin rage kaifinta yana nan a asibitocin gwamnati. Duk wani tsiro a al'aura, na miji ko na mace, likita ne zai duba, kunya ba ta da amfani a nan.

Ana cewa baƙar fata ba ta kamuwa da sankarar fata. Ba ta cika kamuwa ba dai, amma tana kamuwa, kuma a inda ba a dubawa: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, da baƙin tabo a ƙarƙashin farcen ƙafa tasa ta fara, ya mutu a 1981 yana da shekara 36. Tsohon tabon ƙuna da ya buɗe ya ƙi rufewa shi ma abin dubawa ne. Zabiya kuwa rana ce babbar abokiyar gabarsa. Duk wani kaushi ko ɓawo da ya ƙi tafiya a fuska ko kunne ko wuya ko leɓe a nuna wa likita tun yana ƙarami, lokacin da cire shi aikin 'yan mintoci ne. Iyayen zabiya su saba masa da malafa da riga mai dogon hannu tun yana rarrafe, kada kuma a tura shi talla ko kiwo da tsakar rana.

Ma'aunin da zan ba mai karatu a wannan rukuni shi ne wata guda. Ƙurji ko gyambon da ya kai wata bai warke ba, ko yana girma, ko yana sauya launi, ko yana jini ba a taɓa shi ba, ya isa a kai shi asibiti.

Idan za a je, a ɗauki hoton wurin da waya a hasken rana tun ranar farko, domin fata tana sauyawa kafin layi ya zo kanka. A ranar zuwa kada a shafa hoda ko toka ko shuɗin magani, a bar likita ya ga fatar yadda take. A zuba duk abin da aka sha ko aka shafa a leda a tafi da shi, har man bilicin da jiƙon gargajiya, a kuma faɗi gaskiyar tsawon lokacin da aka yi ana amfani da su. A faɗi ko akwai mai irinsa a gida, da ko akwai juna biyu. Likitocin fata ba su da yawa a Arewa, galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri. Amma yawancin abin da aka lissafa a babin nan ma'aikacin lafiya na asibitin unguwa zai iya gane shi ya yi maganinsa. A fara daga can, idan abin ya fi ƙarfinsa a roƙe shi takardar turawa zuwa babban asibiti.